Ajin Sama da Ajin Ƙasa: Tunawa da Malama Hajara

Shekara biyar ke nan da muka rasa Malama Hajara. Lokacin yankan shinkafa ta tafi, shi ya sa duk shekara in na ga an fara shanya a gefen titi, sai ƙirjina ya yi nauyi tun kafin in tuna dalili. Ban taɓa rubutu a jarida ba sai yau. Ni malamar makaranta ce, alli da allo na sani. Amma Hajara ƙawata ce tun ba mu iya ɗaura zane ba, kuma ta yi wani aiki da nake ganin bai kamata labarinsa ya tsaya a bakin mu da muka gani kaɗai ba.

Sunana Rifkatu. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifina Haɗeja daga Filato, muka kama haya a gidan da ke jingine da na su Hajara. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma gajeriya. Ranar Sallah a gidansu nake wuni, ranar Kirsimeti ita ke riga kowa zama a gaban tukunyar mahaifiyata. Mahaifiyarta, wadda dukanmu muke kira Inna, takan ce ɗaya ta haifa Allah ya ba ta biyu. Tare muka yi firamare, tare muka yi kwalejin horon malamai. Rabon aiki ne ya fara raba mu. Ni aka tura ni wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye ta wajen Miga, ita kuma aka kai ta can ƙasar Kirikasamma, ƙauyen da in damina ta yi nisa sai da kwalekwale ake shiga. Kogi ɗaya ne ya ratsa ƙauyukan biyu. Ta wajenmu yake fara wucewa, ya bi ta Haɗeja, sannan ya gangara wajensu.

Wata Asabar muna zaune a tsakar gidan Inna muna gyaran zogale, Hajara ta kawo ƙorafin da ya zama mafarin komai.

"Rifkatu, yarana sun haddace sunayen kogunan da har su mutu ba za su gani ba. Amma na tambaye su daga ina ruwan da ke bayan makarantarmu yake zuwa, sai wani ya ce min daga sama."

Na ce, "To ai bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ƙarya ba, amma ta bayan ajinku yake biyowa kafin ya zo mana. Me zai hana yaranki su gaya wa nawa?"

Na yi mata dariya, don a lokacin waya a wurina ta gaisuwa ce da tura hotunan biki. Ita kuwa har ta gama tsara abinta. Ta buɗe mana zaure a manhajar nan ta aika saƙo, ta raɗa masa suna Ajin Sama da Ajin Ƙasa. Wayoyi biyu ne kacal a ciki, tawa da tata, amma bayan kowace akwai yara cike da aji. Kowane aji ya samo doguwar azara, aka yi mata zane da fenti taki-taki, aka kafa a bakin kogi. Litinin da Alhamis yara za su je su duba inda ruwa ya kai, su rubuta a littafi, su ɗauki hoto, sannan ɗaya daga cikinsu ya yi wa ɗaya ajin bayani da saƙon murya. Iyakar aikin ke nan da farko.

Ba a yi mana shimfiɗa ba. A makarantarsu sabis ba ya kamawa sai an hau kan jinga, wato tudun ƙasar da aka tara don tare ruwa, saboda haka ranar aika saƙo sai ka ga Malama a gaba, aji a baya, ta ɗaga waya sama kamar mai neman albarka. Caji sai ranar kasuwa, wajen mai sola. Iyaye kuma suka ɗaga murya, musamman na 'yan mata, kuma ban ga laifinsu ba, don sun ji abin da waya ta jawo a wasu gidaje. Hajara ba ta yi musu da kowa ba. Gida-gida ta bi, ta zauna a tabarma ta kunna wa iyaye abin da 'ya'yansu suka faɗa. Ta yi musu alkawarin wayar ba za ta bar hannunta ba, kuma duk uban da ya so jin abin da ke ciki, ko uwa, ƙofa a buɗe take. Wata tsohuwa ta saurari jikarta tana bayanin yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyar ruwa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe wannan tana da baki haka?" Daga nan zancen ya mutu.

Kafin zango ya ƙare, aikin ya wuce azara. Yara suka fara gardama a kan kifi, don wanda namu ke kira da wani suna, can wani sunan yake amsawa. Sai an turo hoto a ga ashe abu ɗaya ne. Namu suka yi dariyar yadda na ƙasa ke karya harshe da kalmomin Barebari, na ƙasa suka rama. Hajara ta kafa doka: kowa zai fara da sallama, ya faɗi sunansa, kuma duk wanda ya yi dariyar Hausar wani, to shi zai je ya tambayo kakarsa asalin kalmar ya kawo wa aji biyu. Ta haka kakanni suka shigo darasi ba tare da sun taka makaranta ba. Muka ji yadda ake korar tsuntsayen jan baki a gonar shinkafa da can, muka ji inda kogi yake bi kafin ya sauya hanya. Ni da nake koyar da kimiyya, a bakin tsofaffin nan na fahimci abubuwan da littafi ya gaya min ban gane ba.

Akwai wata yarinya a ajin Hajara, Falmata, mai in'ina. Shekara guda ta yi a makaranta ba a ji muryarta ba, don in ta buɗe baki kalma ta maƙale, sai aji ya fashe da dariya. Da layi ya zo kanta, Hajara ta ja ta bayan aji, ta nuna mata inda ake dannawa da inda ake gogewa, ta ce ta yi ta yi har sai abin ya yi mata, babu mai jiran ta. Sai a karo na tara ta yarda a aika. Yarana da suka saurara ba su san tana da wata in'ina ba. Abin da suka ji shi ne yarinya mai natsuwa da ta fi kowa iya bayani, har suka riƙa cewa a ba su Falmata. Da na gaya wa Hajara, sai ta ce min, "Waya ba ta koyar da kowa komai, ƙawata. Abu ɗaya ta fi mu, tana da haƙurin jira." Na daɗe ina juya wannan magana, don na san sau nawa na katse yaro a aji saboda ƙararrawa ta kusa.

Falmatar nan ce ta gano abin da mu malamai ba mu lura da shi ba. A damina ta biyu ta jera lambobin aji biyu a shafi ɗaya, ta ga duk ranar da ruwa ya hau azarar Ajin Sama, bayan kamar kwana huɗu sai ya hau tasu. Muka yaba mata, aka tafa, aka ba ta maki. A tunaninmu darasi ne ya yi kyau, shi ke nan.

Sai damina ta uku ta zo da abin da ta zo da shi. Wata Litinin da safe na tafi da yara bakin kogi, muka nemi azara muka rasa. Ba tumɓuke ta aka yi ba, ruwa ne ya shanye ta har kai, ga shi ja wur, yana tafe da rassan itatuwa da buhunan da ya kwaso daga gonakin wasu. Yarinyar da ke da layin magana ranar ta danna waya ta ce, "Assalamu alaikum Ajin Ƙasa, yau ba mu da lamba, ruwa ya rufe azara."

Hajara ta gaya min daga baya cewa da suka saurara a kan jinga, yara suka juya suka kalli ruwa. Kogin da ke gabansu lafiya lau yake, ko zane ɗaya bai ƙara ba. Falmata ce ta ɗaga hannu, a gaban kowa, ta ce da in'inarta, "Malama, saura kwana huɗu."

Hajara ta ɗauki littafin da waya ta nufi ƙofar Bulama, mai garin. Dattijo ne mai kirki, amma ya ga damina ta fi saba'in. Ya duba hoton, ya saurari yarinyar, ya ce, "Malama, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yanzu in sa gari ya bar aikin gona ya kwashe rumbuna saboda sandar 'yan makaranta?" Ba ta yi fushi ba. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. To in babba ne ya faɗa fa?" Ya ce wannan daban.

Nan take ta kira ni. Na bar aji na ruga gidan sarkin ruwan ƙauyenmu, wani tsoho da ba ya gani sosai, na same shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi a zaure. Na miƙa masa waya. Allah da ikonsa, ashe sun san juna, shi da Bulama sun yi kamun kifi tare a ƙuruciyarsu, rabonsu da jin muryar juna tun kafin a haife ni. Na tsaya ina ƙuna a zuciya suna gaisuwa, ina wane, wane ya rasu, Allah ya jiƙansa. Sai can tsohon ya gyara murya ya ce, "Bulama, ka san ni ba na tsoron ruwa. Wannan na ji tsoronsa. Ka ɗauke mutanenka daga kwari."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. A ranar aka yi shela. Maza suka fita gayya suna cika buhuna da ƙasa suna ƙara wa jinga tsawo, mata da yara suka kwashe gero da dawa daga rumbunan kwari zuwa tudu, aka kora dabbobi, aka ɗauke tsofaffi da masu jego. Kwana huɗu suka cika ruwa bai zo ba. Ranar Hajara ta sha magana. Wani ya tare ta a hanya ya ce Malama ina ruwan naku, ko sabis ne ya hana shi zuwa? Ta kira ni tana dariyar da na san ta kusa da kuka ce. Ta ce, "In bai zo ba na gode wa Allah, amma da wane ido zan kalli Falmata?" Washegari da hantsi ya iso.

Ba zan ƙara gishiri ba. Jingar ba ta tare shi ba, ta karye ta gabas. Shinkafar da ke fadama ta tafi, gidaje da dama sun zube, makarantar kanta ruwa ya kai mata taga. Amma ba a rasa rai ba, ko na akuya, kuma abincin da ke rumbu ya tsira, shi aka ci har kaka ta gaba. Mu a sama ba mu da wani aji a gabanmu da zai gaya mana. Rumbunanmu a cikin ruwa suka narke. Na tuna wata ɗalibata ta tambaye ni, "Malama, mu wa zai riƙa faɗa mana?" Da na gaya wa Hajara, sai ta ce laifinmu ne da muka tsaya a aji biyu, kogi ai bai fara daga Miga ba.

Makonni aka yi ba makaranta. A nan ne Hajara ta koma yin darasi da saƙon murya, gajere-gajere, tana tura wa iyayen da ke da babbar waya, yara su taru a tudu gida biyar-biyar su saurara, su turo amsa. Iyayen da suka ƙi abin da farko su ne yanzu ke aron caji don 'ya'yansu. Mun yi niyyar in komai ya lafa mu nemi malamai a Jahun da gaba da nan, a jera azara tun daga sama har ƙasa. Mun rubuta sunaye. Ba mu kai ga yi ba.

Ciwon ƙoda ne ya kama ta, irin wanda ya ɗauke mana mutane da yawa a wannan yanki. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta ce gajiya ce. Da aka gane, abin ya yi nisa. Aka dawo da ita Haɗeja ɗakin Inna, ana kai ta wankin ƙoda ana dawowa. Ko a haka ba ta saki ajinta ba. Ranar da jiki ya yi sauƙi sai ta jingina da filo da hantsi, ta yi musu darasi ta tura a zaurenmu, malamin da ya riƙe mata aji ya kunna musu. Na ce ta huta, ta ce ai wannan shi ne hutun. Zuwana na ƙarshe, ta riƙe hannuna ta ce kada in bar zauren ya mutu. Na ce ba zan bari ba. Bayan kwana uku Inna ta kira ni, ban bar ta ta ƙarasa maganar ba. Allah ya jiƙan Hajara, ya sa ta huta.

Dole in faɗi gaskiya: ban cika alkawarin yadda ta so ba. Malamin da ya gaje ta an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya biyo baya bai ga amfanin abin ba, ni kuma duk na buɗe zauren sai in kasa. Shekara biyu azararmu tana tsaye ba mai duba ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka na riƙa gaya wa kaina, amma na san har da ragwancin zuciya. Sai bara waccan na sami wata matashiyar malama a can ƙasa da ta yarda muka farfaɗo da shi, kuma bana aji na uku ya shigo daga wajen Jahun. Falmata tana kwaleji yanzu, malanta take karanta. In'inar tana nan, ta dai daina jin kunyarta.

Nakan tambayi kaina me Hajara za ta ce da ta ga yau. Yanzu sabis ya kai har cikin aji, kusan kowane gida da waya, kowace makaranta da zaurenta. Na san za ta yi murna. Amma na san za ta tsuke baki in ta ga abin da muke yi da su. Malami ya ɗauki hoton shafin littafi ya tura, ya ce ya koyar. Yaro ya tambayi manhajar da ke rubuta amsa, ya kwafo abin da ko karanta shi bai iya ba. Da damina kuwa sai hotunan ambaliyar wata ƙasa su cika zaurukan gari, a ce ga shi nan tafe, har mutane sun gaji sun daina yarda da gargaɗin gaske. Na ga makarantar da aka kawo wa na'urori masu tsada, suna kulle a kabad don kada su lalace. Ita da waya ɗaya mai fasasshen gilashi ta yi aikinta. Ba na jin za ta ce a ƙwace wayoyin. Cewa za ta yi, wa ke ɗaya gefen yana sauraro? Yaron ya je ya gani da idonsa kafin ya faɗa? Domin a wurinta, saƙo ba ya da daraja sai in wanda ya aiko ya taka ƙafarsa bakin ruwa, kuma ya faɗi sunansa.

Hajara ta bar 'ya ɗaya, Ummi, wadda ba ta cika shekara biyu ba lokacin rasuwar. Inna ke riƙon ta. Watan jiya na je gaishe su da la'asar, na tarar Ummi ta dawo daga Islamiyya tana fushi, wai ƙawayenta kowa na faɗin abin da mamarta ta ce, ita ba ta san ko muryar tata ba. Na kalli Inna, Inna ta kalle ni, ta gyaɗa kai. Na fito da tsohuwar wayata, na nemo ɗaya daga cikin darussan nan na ɗakin jinya, na kunna.

Muryar ta fito a hankali, da 'yar gajiya, tana yi wa aji sallama, tana tambayar waye bai yi aikin gida ba. Ummi ta ƙura wa wayar ido ba ta ko motsi. Ana cikin darasi sai kukan jariri ya taso, Hajara ta yi 'yar dariya ta ce, "Ku yi haƙuri 'yan aji, shugabar makarantarmu ta farka. Zo nan, uwata, zo nan." Sai aka ji tana rarrashi, kukan ya lafa, ta ci gaba da darasi.

Ummi ta ce, "Anti, wa ke kuka?"

Na ce, "Ke ce."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Can yarinyar ta matso ta ɗora kai a cinyata ta ce, "Mayar min wajen da ta ce zo nan."

Na mayar mata sau biyar. Hajara ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ko hoton kirki ba mu da shi da yawa. Abin da ta bari shi ne garin da ya ci abincinsa a shekarar da ya kamata ya yi bara, da yaran da suka koyi duba abu da idonsu kafin su buɗe baki, da wannan murya da ta ɗauka don 'ya'yan wasu, ba ta san tana ajiye wa tata ba.